Mutumin da Yake Dafa Icce

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, amma kaɗan ne daga cikin masu faɗin wannan magana suke yarda su biya kuɗin rigakafin. Mutum yakan kwance bakin aljihunsa da sauri idan ciwo ya kwantar da shi. In kuwa aka ce ya biya saboda wata ɓarna da ba ta iso ba tukuna, sai ya tsaya dogon ciniki. Duk mai sana'ar da abincinsa ya rataya a kan rigakafi ya san wannan hali na ɗan Adam. A ƙasar Arewa da wuya a sami wanda ya san shi kamar mai gyaran iccen shinge, wato mutumin da aikinsa shi ne ya shiga tsakanin gara da dirkar lambu.

Arewar da ake nufi a nan ita ce ƙasar Arawa, wadanda Turawan Faransa suka rubuta da sunan Mawri, a cikin jihar Doso ta Jamhuriyar Nijar. Ita ce ƙasar Matankari da Bagaji da Lugu, inda Sarauniya ta tari rundunar Voulet da Chanoine a shekarar 1899. A da gunduma ɗaya ce mai hedikwata a Dogondutsi, sai a 2011 aka yanke kudancinta aka yi gundumar Tibiri, wadda ta ƙunshi Tibiri da Dumega da Geceme da Kore Mairuwa. Abin da ya ɗaure gundumomin biyu shi ne Dallol Mawri, tsohon kwarin wani kogi da ya daina gudu tun zamanin da, wanda ya ratsa ƙasar daga arewa ya gangara kudu har ya iske kogin Kwara a wajen Gaya. Kogin ya tafi, amma ya bar ruwa a ƙarƙashin rairayi, kuma a wurare da dama ba a yin nisa da haƙa ake tarar da shi.

Wannan ruwa na kusa shi ne ya sa, bayan farin 1984, lokacin da gwamnatin Shugaba Seyni Kunce ta matsa wa jama'a su kama noman rani, kwarin ya cika da lambuna. Albasa da tumatir da kabeji da rogo da zogale suka samu wuri, daga baya dankalin turawa ya shahara a kewayen Dogondutsi. To, shi lambu ba ya rayuwa sai da shinge, domin lokacin da yake kore shar shi ne lokacin da aka saki gonaki, daji ya bushe, awaki da shanu da jakuna suna yawo da yunwa. Dare ɗaya ya ishi garke ya share aikin wata uku. Daga nan sai ƙara gaban mai gari, sai kiyasin ɓarna, sai gaba tsakanin mutanen da iyayensu suka yi zaman lafiya. Dokar tsarin karkara ta 1993 ta zayyana haƙƙin manomi da na makiyayi, amma akuya ba ta karanta doka. Abin da take girmamawa shi ne shingen da ya fi ƙarfin kanta.

Mutanen da ba su sha wahalar neman dirka ba. Suna da kirya, iccen da gara take ratsewa ta bar shi, wanda maƙera suke son gawayinsa, masassaƙa kuma suke fafe turmi da shi. Uba yakan kafa dirkar kirya ya mutu ya bar wa ɗansa ita tana tsaye. Sunan garin Dogon Kirya, can arewacin ƙasar, ya isa ya tuna wa mai sauraro matsayin wannan icce a wurin jama'a. Suna kuma da azarar giginya daga kudancin kwarin, wadda ake rufin soro da ita ta daɗe ba ta ruɓe ba. Sai dai kirya ba ta saurin girma, giginya ma haka. Farin 1973 da na 1984, da yawaitar jama'a, da faɗaɗar gonaki, suka rage su ƙwarai. Hukuma ta sa hannu: dokar 1992 ta tsara saran icce da sayar da shi ta hanyar kasuwannin karkara, dokar daji ta 2004 kuma ta ƙara ƙarfafa tsaron itatuwa, har ya zama wanda ya sare icce mai kariya ba da izni ba yana iya haɗuwa da tarar ma'aikatan daji.

Abin da ya maye gurbi shi ne iccen shuka, musamman turare, wanda asalinsa daga Ostareliya ne, da dogon yaro, wanda aka kawo daga yankin Indiya. Turare yana fita miƙaƙƙe, yana saurin girma, in an sare shi kuma ya sake tohowa. Aibinsa ɗaya: ƙaramin sanda na turare kusan duk farin nama ne, zuciyarsa mai tauri ba ta riga ta kafu ba, shi kuwa farin nama abincin gara ne. Mai lambu ya sayi sanduna, ya kafa, ya ɗaura tanka, ya jera kara ko geza. Damina ɗaya ko biyu, iska ta taso, shingen ya kwanta gaba ɗaya. In an duba sai a ga saman sandan lafiya lau, amma daidai inda ya haɗu da ƙasa ya zama gari. A wannan gaɓa ce laima da iska suke haɗuwa, ruɓa ta tausasa iccen, gara kuma ta biyo ta ƙarƙashin ƙasa ta shige shi ba tare da ido ya gan ta ba.

A cikin wannan giɓi ne wani mutum na wani ƙauye da ke tsakanin Dogondutsi da Kore Mairuwa ya kafa sana'arsa. Ɗan gidan sassaƙa ne, ya tashi yana riƙe wa mahaifinsa gizago, ya kuma ga yadda gadon gidansu yake ƙanƙancewa tare da ƙarewar kirya. Da ƙuruciya ya tafi cin rani Nijeriya, ya yi shekaru yana dako a wata kasuwar katako ta Sakkwato. A can ya ga kafintoci suna gauraya Solignum da baƙin mai suna shafe katakon rufi kafin a ɗora kwano, ya kuma lura da turakun wayar lantarki na icce, baƙaƙe, masu warin kwalta, waɗanda suke shekara da shekaru a cikin ƙasa. Ya tambaya aka gaya masa cewa su waɗancan ba shafa musu magani aka yi ba, cusa musu shi aka yi har ciki. Wannan bambanci tsakanin shafe da cusawa shi ne jarin da ya komo gida da shi. Ya dawo a daidai lokacin da aka karya darajar sefa, a watan Janairu na 1994, lokacin da faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100, ƙarfe da waya da duk abin da ake shigowa da shi suka yi tsada, masu lambu suka koma neman icce.

Ba shi da injin da manyan masana'antu suke aiki da shi. Tun 1838 wani Bature na Ingila mai suna John Bethell ya fito da hanyar rufe katako a cikin babbar tukunyar ƙarfe, a zuƙe iskar ciki, sa'an nan a tura man kwaltar gawayi da ƙarfi ya ratsa iccen. Da wannan hanya aka riƙa gyara katakon shimfiɗar hanyar jirgin ƙasa da turakun waya a duniya. Shi abin da yake da shi gangar ƙarfe ce da murhu na duwatsu. Amma zafi da sanyi suna yi masa kaɗan daga aikin da injin yake yi. In aka tsoma busasshen icce cikin mai mai zafi, iskar da ke cikin ƙofofinsa takan kumbura ta fita, a ga kumfa na tasowa. In aka janye wuta aka bar shi ya huce a cikin man, sauran iskar ta tsuke, sai man ya bi ta ya cike gurbin. Saboda haka ne mutanen ƙauyen suke ce masa mai dafa icce, da farko cikin ba'a, daga baya cikin girmamawa.

Aikin yana da matakai, kuma babu wanda ake tsallakewa a zauna lafiya. Yakan sayi sanduna bayan kaka, ya sa a ɓare ɓawonsu tun suna ɗanye, domin ɓawo yana tare mai, yana kuma ɓoye ƙwari. Sa'an nan ya jera su a kan gado a inuwa, sama da ƙasa, iskar hunturu ta busar da su makonni, don ɗanyen icce cike yake da ruwa, mai kuwa ba ya shiga inda ruwa ya riga shi. In sun bushe sai ya yi duk wani sara da fiƙe da huda da za a yi, saboda yankan da aka yi bayan dahuwa ƙofa ce aka buɗe wa gara. Bayan haka ne ake tsayar da su a ganga, gindi ƙasa, man ya haura inda ƙasa za ta tsaya da kamar taki ɗaya. Baƙin man da ake juyewa daga injin mota yake saye a garejojin bakin babbar hanya, ya tace shi da tsumma, ya sirka da ɗan gazuwal don ya yi ruwa-ruwa. Wutar ba a cika ta, kuma ba a barin wurin, gama mai in ya tafasa ya zubo kan garwashi ba a kashe shi da ruwa. Tulin rairayi ne kullum a gefe. Sanduna su kwana a ganga, da safe a fitar a jingine su a kan wani kwano mai gangare, abin da ya ɗiga ya koma cikin bokiti.

Daga waɗannan dirkoki yake haɗa shingen da ake ɗauka ɓangare-ɓangare, kowane ɓangare kamar babban ƙyaure: dirka biyu, tanka uku, a saƙa tsakaninsu da rassan geza ko karan gero. Amfaninsa shi ne mai lambun da yake aron fili, ko wanda ruwan tafki yake cinye wurinsa da damina, yana iya tuge shingensa ya ɗora a amalanke ya kai gida. Shi kansa yakan gaya wa mai saye gaskiyar abin da yake saye. Baƙin mai ba ya kashe gara kamar yadda maganin masana'anta yake yi. Yana hana laima shiga, yana sa gara ta ƙyamaci iccen, yana jinkirta ɓarna. Bai taɓa ce wa kowa turare ya zama kirya ba. Abin da yake alkawari shi ne shingen da zai ga damina da yawa a maimakon ɗaya ko biyu.

Wahalar sana'ar ba a wuta take ba, a kasuwa take. Dirkar da ta kwana a ganga da wadda aka shafa wa mai da tsumma da asuba, in an jingine su ranar kasuwa, duk baƙaƙe ne, duk wari ɗaya suke yi. Da mutane suka ga ana samu, sai masu shafe suka yawaita, suna sayarwa da rahusa tun da ba su ƙona icce ba, ba su jira bushewa ba, man da suka kashe kuma kaɗan ne. Mai saye ba ya ganin cikin icce, kuma ƙaryar ba ta fitowa sai bayan shekara biyu, lokacin da mai shafen ya sauya kasuwa. Dabarar da mutumin ya samo ita ce zarto. Yakan ce wa mai ciniki ya zaɓi dirkar da ya ga dama a cikin tulin, ya yanke gindinta a gaban jama'a, a ga zoben baƙi ya shiga cikin farin nama. Sa'an nan ya miƙa zarton ya ce a je a gwada na wasu. Ba a cika samun mai shafen da ya yarda a yanka nasa ba. Dirka ɗaya yake asara a kowace kasuwa, ita ce kuɗin tallarsa.

Jarrabawar da ta fi wannan nauyi daga cikin gida ta fito. Babban ɗansa, wanda ya yi makarantar boko har ya iya lissafin riba da faɗuwa a takarda, ya komo daga wata kasuwar kan iyaka da kwalba marar suna, wadda aka ce masa cokali kaɗan a cikin ganga ya isa ya hana gara kusantar icce har abada. Ya ce: "Baba, wahalar da muke sha ta yi yawa. Da wannan ko shafe munka yi ya wadatar, mu sayar da arha kamar kowa." Uban ya juya kwalbar, ya sunsuna daga nesa, ya ce: "Yaro, abin da ya hana gara har abada, me zai yi wa rijiya? Kuma in shingen ya tsufa, a murhun wa zai ƙare?"

Tambayoyin nan biyu manyan ƙasashe ma sun yi su, bayan sun sha wuya. A 1933 wani masani ɗan Indiya, Sonti Kamesam, ya haɗa maganin icce da ake kira CCA, mai ɗauke da tagulla da kuromiyam da arsenik. Ya yi aiki ƙwarai, har ya zama da shi ake gyara katakon shingen lambu da na wuraren wasan yara a Amurka da Turai. Amma arsenik guba ne, kuma a ƙarshen 2003 Amurka ta daina gyara katakon amfanin gida da shi, Tarayyar Turai ma ta taƙaita shi a daidai wannan lokaci. Yarjejeniyar Stockholm ta 2001 ta sa magungunan gara irin su aldrin da dieldrin da chlordane cikin jerin gubar da ba ta narkewa a ƙasa, wadda take taruwa a jikin dabba da mutum; a 2009 aka ƙara lindane, a 2015 aka ƙara pentachlorophenol, wanda shi ma tsohon maganin katako ne. Kwalbar da ba ta da suna ba mai iya rantsuwa a kan abin da ke cikinta.

A ƙasar Arewa haɗarin ya fi kusa da tukunya. Babu sandan da ake yarwa. Duk shingen da ya faɗi makamashi ne, hayaƙinsa mace da goyonta suke shaƙa, tokarsa kuma ana iya tace ta a zuba a miya. Ruwan da ya sa kwarin ya yi albarka, kusancinsa ne yake sa abin da aka zubar a rairayi ya iske shi da wuri. Mutumin ya san shi ma baƙin mansa ba tsarkakakke ba ne, yana ɗauke da dattin inji da ƙurar ƙarfe. Don haka ya gindaya wa kansa sharuɗɗa. Murhunsa yana kan fako, nesa da kwari, ya kuma dafe wurin da siminti. Gindin dirka kaɗai yake dafawa, tanka da saƙa ba ya taɓa su da mai. Ba ya kai kaya sai sun daina ɗiga. Dirkokin da za a kafa kusa da rijiya kuwa babbaka gindinsu yake yi da wuta, a zuba toka a ramin, kamar yadda kakanni suke yi, ko da yake ya san ba za su daɗe kamar sauran ba. Kwalbar ɗansa ba ta shiga ganga ba, kuma sun yi kwanaki maganarsu ba ta wuce gaisuwa.

Abin da ya sassauta tsakaninsu ciniki ne na wata ƙungiyar mata masu lambun haɗin gwiwa. Shugabarsu, dattijuwa ce, ta zo da kuɗin adashin da suka tara, ta ce: "Malam, mun ji naka ya fi tsada. In mun saya, wa zai tsaya muna in ya faɗi?" Ya ce: "Hajiya, ni zan tsaya. Yaron nan zai rubuta ranar da anka kafa shi. Duk dirkar da gara ta kayar kafin damina ukku, in sake muku ita kyauta. Abu guda nike roƙo: in ya tsufa, ku yanke baƙin gindin ku aje mini, kada ya shiga murhu." Daga ranar aka buɗe littafi, ɗan ne kuma mai riƙe da shi: sunan lambu, yawan dirka, irin iccen, watan da aka kafa. Kowace shekara bayan kaka sukan zaga tare, su tona gefen dirka kaɗan, su soka tsinken ƙarfe su ji taurinta. Littafin ya koya musu abin da ba su sani ba, misali cewa sandan da aka gaggauta dafawa kafin ya gama bushewa shi ne yake fara faɗuwa, kuma ƙasar da take kusa da suri ta fi cin dirka. Ɗan da ya so gajeriyar hanya, shi ne ya koma mai tsananta wa leburori a kan kwanakin shanya.

Duk da haka ba a ce sana'ar ta tsira ba. Masu hali da ayyukan raya karkara sun fi son ragar waya da turakun ƙarfe da aka dasa cikin siminti, waɗanda gara ba ta da abin yi da su. Malaman gona kuma suna kwaɗaitar da shinge mai rai, na aguwa ko na itatuwa masu ƙaya, wanda ba ya bukatar mai ko wuta. Abin mamaki shi ne mutumin ba ya gaba da wannan shawara. Yakan ce wa mai lambu ya dasa aguwa a bayan dirkoki tun ranar farko, domin kafin iccen ya gaji shukar ta kama. Da aka ce masa yana kashe kasuwarsa da bakinsa, sai ya ce masu sabon lambu ba za su ƙare ba, kuma wanda ka gaya wa gaskiya shi ne yake turo maka ɗan'uwansa. A gonarsa ta gero kuwa yana bin sassaben zamani, irin wanda ya bazu daga jihar Maradi tun shekarun 1980: in ya tarar da tohon kirya ba ya sare shi, sai ya rage rassan ya bar mafi ƙarfi ya miƙe.

Malaman makaranta da ƙungiyoyin raya al'adu suna da abin ɗauka a nan. Gangar mai dafa icce darasin kimiyya ce da yaro zai gani da idonsa, yadda zafi yake kumbura iska, sanyi kuma ya tsuke ta. Kalmomin sana'ar ma dukiya ce mai neman salwanta: yara da yawa na birni ba sa rarrabe darni da danga da shinge, ba su san tanka ba, ba su taɓa ganin kirya a tsaye ba. Makarantar da take da lambu, ko take shirin dashen itatuwa na ranar 3 ga Agusta, tana iya gayyatar irin wannan mutum ya zo da zartonsa, ya yanka dirka biyu a gaban ɗalibai, dafaffiya da shafaffiya, a bar su su faɗi da bakinsu wadda za su saya da dalilin da ya sa.